Zare da Kwaɗo

Ƙarfe huɗu na yamma a Tampere, duhu ya riga ya sauka.
Tagata na kallon tsohuwar masaƙa mai jan bulo
inda kakata Sirkka ta shekara talatin da ɗaya
tana ƙulla zaren da ya tsinke.
Ni ma zare nake kiwo, sai dai nawa ba ya taɓuwa:
zaruruwa ne masu tsere a cikin kwamfuta,
kowanne na son ya riga ɗan'uwansa shiga ɗaki.

Aikina kwaɗo. Wanda ya kulle, shi zai buɗe.
Watan jiya na ajiye mai gadi a bakin ƙofa,
layi shida kacal:
duk wanda ya zo buɗe abin da ba shi ya rufe ba,
a tsayar da shi, a yi kururuwa.

Aka kuwa yi ta.
A wani kantin magani da ke Hervanta
manhajar ƙirga ƙwayoyi ta faɗi sau tara kafin rana ta raba.
Veikko Lahdenperä ya bugo waya,
muryarsa kamar ƙanƙara ƙarƙashin takalmi:
"Shekara goma sha ɗaya tana aiki lafiya lau.
Kai ka taɓa, kai ka ɓata.
Janye mai gadinka, tsofaffi na tsaye cikin sanyi."

Na ce, ba lafiya ba ce, sa'a ce.
Ya ce, sa'ar da ta shekara goma sha ɗaya
ai ta cancanci fansho.
Na yi dariya ban shirya ba.

Kakata ta taɓa ba ni labarin wani ƙarfe a jikin injinta,
da zare ya tsinke sai ya faɗo, komai ya tsaya cak.
Wani shugaban ma'aikata ya gaji da tsayawar,
ya ɗaure ƙarfen da tsumma.
Ranar an saƙa yadi fiye da kullum,
an tafa masa.
Sai da aka shimfiɗa a haske
aka ga wani siririn rami ya bi tsawonsa,
mita arba'in, kamar hanyar tururuwa.

Ban gaya wa Veikko wannan ba.
Mai layi a ƙofa ba ya sayen tatsuniya.
Na ce, turo min cikin manhajar in duba.
Raimo da ya rubuta ta ya koma bakin tafki,
yana kamun kifi ta hudar ƙanƙara, ba ya ɗaga waya.

Kofi na uku ya huce kafin in gan shi:
zare biyu, kwaɗo ɗaya, an buɗe sau biyu.
A gefe Raimo ya bar ɗan rubutu:
"Wannan ba zai taɓa faruwa ba."
Yana faruwa duk ranar Talata
in an sauke kaya ana kuma sayarwa.
Wa ya san sau nawa lissafi ya zame da ƙwaya ɗaya
aka ɗora wa yarinyar kanta laifi?

Layi uku na gyara. Gyara kayanka, Veikko,
bai zama sauke mu raba ba.
Ya ce na gode, a taƙaice, irin ta mutanenmu.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari:
na sa mai gadi ban yi shela ba.
Yanzu ga wasiƙu huɗu suna jira.
Ɗaya daga makarantar makafi:
kamfanin da ya yi musu tasu manhajar ya mutu,
ba wanda ya san inda aka binne rubutunta.
Babu abin gyarawa. Ni kaɗai na rage, da ƙarfena,
da tsumma a aljihu.

Ruwan Tammerkoski na ta zuba, bai daskare ba.
Na kashe fitila, na sake kunnawa.